Maiƙo da Ciwon Hanji ga Wanda Ba Ya Cin Nama

  

Na san wani zai yi dariya in ya ga kan wannan rubutu. A Briketeri, unguwar da duk Yawunde ke tahowa da yamma don cin soya da kilishi, a nan za a yi maganar mutumin da ba ya cin nama? To akwai su, kuma sun fi yadda muke zato yawa. Akwai wanda tsadar nama ta raba shi da shi. Akwai wanda nono da man shanu ke ɓata wa ciki, ya bar su, daga nan ya bar ƙwai, ya bar nama, har ya wayi gari ba ya cin komai sai abin da ƙasa ta tsirar. Akwai kuma wanda ra'ayinsa ne kawai. Turawa na kiran irin wannan mutum vegan, kalmar da wani ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro a 1944. A wajenmu Musulmi nama halal ne, kuma malamanmu sun koya mana cewa wanda ya bar cinsa don lafiyarsa ko don ba ya so bai yi laifi ba, muddin bai ce haramun ne ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, da yawa cikin masu barin nama saboda ciwon ciki sai su ga ciwon bai tafi ba, wani ma ƙaruwa yake yi. Sai a fara cewa sammu ne, ko iska, ko ciwon da ba na asibiti ba. Sau da yawa amsar tana cikin kwalbar man da ke gefen murhu.

Wane ciwo ake nufi?

Likitocinmu a nan suna rubuta shi da Faransanci colopathie fonctionnelle, ko syndrome de l'intestin irritable. Mu dai mu ce kolopati, ko hanji mai saurin fushi. Mai shi yana fama da murɗawar ciki, da kumburi, da iska. Wani zawo ke damunsa, wani bayan gida ke yi masa tauri, wani kuma yau wannan gobe wancan. Abin da ke rikita mutane shi ne, a je a yi hoto a yi gwajin jini a ce ba a ga komai ba. Gaskiya ne ba gyambo, ba ƙari, ba rauni a jikin hanjin. Matsalar tana wajen saƙon da ke kai-komo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa: ɗan motsi ko ɗan iskar da wani ba zai ma san da ita ba, shi mai wannan ciwo sai ya ji ta kamar ana murɗa masa tsumma a ciki. Don haka ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne.

Likitoci suna da ma'auni da ake kira ƙa'idojin Rome na huɗu, waɗanda aka fitar a 2016. A taƙaice, ciwon ciki da ke dawowa aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, wanda ke tare da aƙalla biyu cikin waɗannan uku: alaƙa da fita bayan gida, canjin yawan fitarsa, da canjin kamanninsa, kuma ya zama abin ya faro tun wata shida ko fiye.

Amma fa kada kowa ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. A garinmu, inda ruwan sha ba kullum yake da tsabta ba, amiba da tsutsar ciki da wata ƙwaya da ake kira jiyardiya duk suna kawo alamomi masu kama da waɗannan. Dole a fara kai bayan gida a auna, ko a asibitin unguwa, ko a Babban Asibitin Yawunde, ko a Centre Pasteur da ke kusa da shi. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko zazzaɓi, ko zawo na tashinsa daga barci, ko an ce jininsa ya yi ƙasa, ko ciwon ya fara masa bayan ya wuce shekara 50, wannan ba maganar gyara miya ba ce, ya je ya ga likita da wuri.

Me mai yake yi a ciki?

Da zarar abinci ya sauka a tumbi, jiki na aika wa babban hanji saƙo cewa ga baƙo ya zo, a ba shi wuri. Shi ya sa mutum kan ji bayan gida bayan karin kumallo. Wannan kowa yana da shi. Sai dai abinci mai yawa kuma mai maiƙo ya fi kowane ƙarfafa saƙon nan. In maiƙo ya isa farkon ƙaramin hanji, jiki na sakin wani sinadari da ke sa matsarmama ta matse ta zubo ruwanta mai ɗaci don a narkar da man, kuma yana sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba. Shi ya sa wanda ya ci abin suya yake jin cikinsa ya yi nauyi har tsawon sa'o'i.

An gwada wannan a asibiti. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, a wani bincike da aka wallafa a 2001, an zura wa mutane maiƙo ta siririn bututu zuwa farkon ƙaramin hanji, sannan aka auna yadda babban hanjinsu ke jin matsi. Masu kolopati suka riƙa jin zafi da wuri bayan shigar maiƙon, fiye da masu lafiya. A Basalona ta ƙasar Sifen kuma, a 2002, wasu likitoci suka nuna cewa maiƙo yana rage saurin wucewar iska a cikin hanji, kuma ga masu wannan ciwo iskar tana taruwa har ciki ya kumbura. Kun ga ke nan man ba shi ke haifar da ciwon ba, amma yana ƙara masa murya.

Wani abu da ya kamata mu gane: hanji bai san bambancin kitsen rago da man gyaɗa ba ta wannan fuska. Ga zuciya da jijiyoyin jini akwai bambanci, amma wajen tayar da murɗawar ciki, yawan man da aka ci a zama ɗaya shi ne abin dubawa.

Abincinmu in an cire nama

Nan ne maganar take. Mu a tunaninmu abincin da ba nama a ciki abinci ne mara nauyi. Amma ku dubi abin da mai girki ke yi in ba ta da nama: sai ta ƙara mai don miya ta yi daɗi. Ku lissafa abin da wanda ba ya cin nama zai samu daga safe zuwa dare a unguwar nan. Da safe makala da wake da kunu, makalar an tsamo ta daga cikin mai, waken ma yana ninƙaya a mai. Ko ƙosai. Ko burodi da fiya da aka dama aka ƙara mata mai, alhali ita kanta fiya tana da nata. Da rana ɗanwake da soyayyen mai da albasa, ko koki, wanda da manja ake kwaɓa shi har ya yi ja. In abincin maƙwabtanmu Ewondo ne, kpem da sanga da ruwan kwakwar manja ake dafa su. Ndole gyaɗa ce a ciki, kuma a ƙarshe a soya albasa a kwara man a kai. Eru kuwa kowa ya san yadda manja ke kwanciya a kansa. Da yamma awara soyayya, ko soyayyar ayaba, ko gasasshen safu, wanda shi ma ɗan itace ne mai maiƙo.

Sai kuma man da ba a gani. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne. Haka riɗi, haka agushi. Miyar gyaɗa ko ta agushi ko da ba a zuba mata cokali ɗaya na mai ba, tana da nata.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na mai kusan giram 14 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin da babba ke ci a yini. Ga mai cin kalori 2000, wannan ya kama wajen giram 67, wato bai cika babban cokali biyar ba, har da na cikin gyaɗa da agushi. To a ce an zuba kwatan lita na mai a tukunyar mutum shida. Kwatan lita wajen giram 230 ne. A raba shida, kowa ya tashi da giram 38, kusan cokali uku, a kwano ɗaya. Fiye da rabin na yini guda ke nan ya sauka a hanji lokaci ɗaya. Mai lafiyayyen ciki zai sha ruwa ya tafi harkarsa. Mai kolopati kuwa, sai a neme shi a masallaci a rasa, yana can yana zarya.

To a daina cin mai gaba ɗaya?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da na fi tsoro, domin wanda ya sha wuya da ciki yakan tsorata har ya koma cin farar shinkafa da gishiri. Jiki ba ya iya ɗaukar bitamin A da D da E da K sosai sai da maiƙo. Wanda ya ci zogale ko karas ba ɗigon mai, ba duka amfanin yake samu ba. Kuma shi da ba ya cin hanta, ba ƙwai, ba man shanu, ina zai sami bitamin A? Manja ja yana cikin abubuwan da suka fi komai yawan sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, matuƙar ba a ƙona shi har ya yi fari ba, kamar yadda wasu ke yi kafin su zuba albasa. Tun 2011 kuma doka ta wajabta a ƙara bitamin A a tataccen man girki da ake sayarwa a Kamaru, irin na cikin kwalba da muke saye a kanti. Masana sun ce babba na bukatar aƙalla kashi 15 cikin 100 na ƙarfin abincinsa ya fito daga maiƙo, wajen giram 33 ke nan a lissafinmu na ɗazu. Wanda ya yi ƙasa da haka ga rama, ga bushewar fata, ga kasala.

Dabarar ita ce a raba. Man da za a ci a kwano ɗaya a rarraba shi gida uku ko huɗu a yini. Kamar cokali ɗaya a kowane cin abinci, sai ɗan abin da gyaɗa ko riɗi zai ƙara. Kuma a auna da cokali, a daina tuttulawa daga bakin kwalba, don hannu ba ya faɗin gaskiya.

Iyayenmu mata, na san ba za a ɗora tukunya biyu saboda mutum ɗaya ba, ga tsadar gawayi da gas. Ba sai an yi haka ba. A dafa miyar da ɗan mai kaɗan, a ɗebar wa mara lafiya tasa, sannan a zuba nama da sauran man ga mutanen gida. Yara ƙanana kuwa kada a rage musu, su suna bukatar maiƙo fiye da manya don girma.

Akwai kuma sauya hanyar dafuwa. Waken da za a yi ƙosai da shi a yi alale da ɗan mai kaɗan. Awara a dafa ta cikin miya ko a gasa ta maimakon a tsoma ta a kasko. Ayaba da dankali da makabo a dafa ko a gasa. Miyar kuka da kuɓewa da yakuwa da karkashi ba sa bukatar mai da yawa in daddawa ta ji. Ƙuli-ƙuli an matse yawancin mansa, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli ya fi miyar gyaɗa mai kauri sauƙi, sai dai a tuna shi ma soya shi aka yi, kada a ƙara masa wani man a kai. In ba makawa sai an yi suya, a bari mai ya yi zafi kafin a saka abu, domin abin da aka jefa a man da bai yi zafi ba shan mai yake yi, sannan a tsane shi a matsami.

(Af, kalmar soya ma rikici gare ta a garin nan: tsire soya, wake soya, aikin kasko ma soya. Mai kolopati da ba ya cin nama na tsakiyar ne kaɗai abokinsa.)

Kada a ɗora wa mai laifin wake

Ga wani wuri mai wuya. Ƙosai ɗaya yana ɗauke da abu huɗu da kowannensu zai iya tayar da hanji: mai, wake, albasa, da attarugu. Makala kuma mai ce da alkama. To in mutum ya ci cikinsa ya murɗa, wa zai kama?

A jami'ar Monash da ke Melbon a ƙasar Ostireliya, masana sun fito da bayani a 2005 kan wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau. Suna wucewa zuwa babban hanji, su jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su ci su, su fitar da iska. Sun haɗa su a suna ɗaya, FODMAP. Akwai su a wake, da albasa, da tafarnuwa, da alkama, da mangwaro, da ƙwallon kashu. Ga mai cin nama rage wake abu ne mai sauƙi. Ga wanda wake ne namansa, ba ƙaramin aiki ba ne.

Sa'ar da aka yi, waɗannan sukari a ruwa suke narkewa, ba sa narkewa a mai. Wannan ya ba mu dabara uku. Wake in an jiƙa shi ya kwana aka zubar da ruwan, aka tafasa aka sake zubarwa, wani kaso ya tafi. Awara da aka matse sosai, yawancin sukarin ya bi ruwan da aka tsiyaye, shi ya sa ta fi dafaffen wake sauƙi a ciki, ga ta da furotin. Ta uku kuma ita ta fi burge ni: a yanka albasa ko tafarnuwa manya-manya a soya a cikin cokalin man da aka auna, a tsame su a yar kafin a zuba ruwa ko tumatir. Ƙamshin ya shiga man, abin da ke kumbura ciki bai shiga ba. Amma in aka bar su suka dahu a cikin miya sannan aka tsame, aikin banza aka yi. Koren ganyen albasa, wato lawashi, shi ma yawanci ba ya damun mutane. Gyaɗa kuwa ba ta da yawan waɗannan sukari, matsalarta maiƙo ne kawai, don haka ɗan cikin tafin hannu ya isa.

Yadda mutum zai gano nasa shi ne ya sami ƙaramin littafi, irin wanda muke rubuta darasi, ya yi mako biyu yana rubuta abin da ya ci da lokacin da ya ci da yadda cikinsa ya yi. Sannan ya riƙa canja abu ɗaya tak a lokaci guda. Yau shinkafa da miya mai yawan mai, ba wake ba albasa. Bayan kwana biyu ko uku dafaffen wake da ɗan mai kaɗan. In ta farko ce ta tayar da ciki, mai ne. In ta biyu ce, wake ne. Wani duka biyun ne, wani kuma zai tarar shayi mai kauri ne ko kofi ko barkono, ko ma ba abinci ba ne, tashin hankalin jarrabawa ne da rashin barci. Ƙungiyar masana abinci ta Birtaniya, a jagorar da ta fitar a 2016, ta sa a fara da abubuwa masu sauƙi, wato cin abinci a kan lokaci da duba yawan maiƙo da yaji da kofi, kafin a shiga tsarin FODMAP. Shi ma tsarin na 'yan makonni ne, daga nan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya cin nama kada ya shige shi ba tare da likita ko masanin abinci ba, don abin da zai rage masa ba shi da yawa.

Akwai alamu biyu da suka shafi mai da ba na kolopati ba ne. Ciwo mai tsanani a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo yana iya zama tsakuwa a matsarmama. Bayan gida mai haske da maiƙo da wari sosai, wanda ruwa ba ya tafiya da shi da sauƙi, yana nuna jiki ba ya narkar da mai. Duka biyun na asibiti ne.

Azumi da gidan mutane

A watan Ramadan abin ya fi tsanani. Ciki ya wuni ba komai wajen awa goma sha uku, ana kiran sallar magariba sai a ajiye masa ƙosai da makala da soyayyen dankali da kunun gyaɗa gaba ɗaya. Mai wannan ciwo ya buɗe baki da dabino ɗaya da ruwa da kunun tsamiya ko koko, ya yi sallah, sannan ya ci abinci daidai. Ƙosai biyu ko uku in yana sha'awa, ba faranti ba. Bayan tarawihi ya ɗan ƙara wani abu, da sahur kuma tuwo da miyar kuka mai cokali ɗaya na mai. Ya ci sau uku ke nan maimakon ɗaya. In duk da haka zawo na galabaitar da shi, ya tambayi likita ya kuma tambayi malam, don shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi.

Gidan mutane kuma, musamman ranar babbar sallah ko suna ko biki, an san ƙin cin abincin da aka kawo maka abin kunya ne a wajenmu. Ba sai ka yi dogon bayani ba. “Goggo, ki gafarce ni, cikina ne ba ya so, ki zuba mini shinkafar da ɗan romon miya daga ƙasa, ban da man da ke sama.” Babu goggon da za ta ƙi. Mu kuma masu masauki mu rage cewa “haba, ɗan wannan ba zai yi komai ba”, don ba mu za mu kwana muna juyi ba.

Abu na ƙarshe bai shafi mai ba, amma ya shafi duk wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono: bitamin B12. Tsirrai ba sa ba da shi. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe bai ga komai ba, sai daga baya jini ya yi ƙasa, hannu da ƙafa su fara mutuwa ko jin kamar ana tsira allura. A dokar 2011 da na ambata an sa a riƙa ƙara shi a garin fulawa a Kamaru, tare da sinadarin ƙarfe da zink da folik asid. Amma mai kolopati da ya rage burodi da makala ya rage wannan hanya ma, kuma ko da bai rage ba, ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Ya gaya wa likita a fili cewa ba ya cin komai na dabba, a rubuta masa ƙwayar B12 ya saya a famasi, a kuma riƙa auna jininsa lokaci-lokaci.